Famfon Ƙofar Ɗakin Hajjo

Ni dai kitso ne sana'ata, kuma mai kitso ba gidan da ba ta shiga a Jibiya. Kan mutane ne a hannuna, amma idona nawa ne, ba wanda ya taɓa ce mini in ajiye shi a zaure. Abin da aka yi wa Salmatu a gidan Alhaji Kalilu, a shekarun nan da babbar salla ke faɗowa tsakiyar damina, Turawa ba su tafi ba tukuna, ya daɗe yana ci mini rai. Na gaji da haɗiye shi, shi ya sa zan faɗa.

Salmatu 'yar Farfaru ce, matar Rabe, ƙanen Alhaji. Rabe shi ke tuƙa babbar motar yayan nasa, yau yana Kano gobe yana Maraɗi, kwanansa a hanya ya fi na gida yawa. Ita kuwa ya bar ta da cikin fari a tsakiyar danginsa, yarinya mai sanyin murya, wadda in ka tsaya kusa da ita ma sai ka kasa kunne kafin ka ji abin da ta ce.

Alhaji Kalilu ne ya fara kawo injin wuta unguwarmu. Bai tsaya a fitila ba, ya sa aka ɗora wa rijiyar gidan wani ƙaramin inji mai jan ruwa da lantarki, aka shimfiɗa bututun ƙarfe tun daga bakin rijiya har tsakar gida. Don ya girmama mahaifiyarsa Hajjo, sai ya ce a kafa kan famfon daidai ƙofar ɗakinta. Gari ya ɗauka, ana ta sa masa albarka. Har da ni a masu sa albarkar.

Wanda ya yi aikin wani Mahmudu ne, mutumin Maraɗi, da ya koyi sana'ar a hannun Faransawa. Ran da ya gama ina cikin gidan, an tattara mata a bayan zana saboda baƙon namiji, ina yi wa matar Alhaji kitso, kunnena kuma yana tsakar gida.

"Alhaji, ka ga wagga waya ta jan ƙarfe?" in ji Mahmudu. "Na ɗaure jikin injin da tiyo da kan famfo duka da ita, na kai ta cikin rami, na zuba gawayi da gishiri. Kuran bai da amana. Ran da ya ɓalle ya shiga ƙarfe, hanyar ƙasa shika nema, kuma wagga ce hanyar. In babu ta, ta jikin mutum shika bi. Don Allah kar a taɓa ta."

Kuran shi ne lantarki a bakin mutanen can hayin iyaka, tiyo kuma bututu. Alhaji ya ce ya ji, aka sallami Mahmudu ya koma garinsu.

To, ba a mugun sarki sai mugun bafade. Akwai wani Ɗantala da ba shi da aiki sai zaman zauren Alhaji da taya shi dariya. A bakin matarsa na ji wannan, kanta na kan cinyata. Wai wata rana ya dubi wayar nan ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ni fa abin nan ya ɗaure min kai. Kai ka sayi mai, inji ya sha ya haifi wuta, sannan a ɗaura waya ta kwashe wutar ta kai rami? Ƙasa kake ciyarwa? Shi ya sa fitilarka ke lumshe ido da magariba. Bamaraɗen nan ya raina mu ne kawai."

Alhaji mutum ne da in ka ce masa wani abu nasa na zurarewa, ba ya barci. Washegari aka kwance wayar. Aka kai wa maƙeri, ya lanƙwasa wa Hajjo munduwar ƙafa, don an ce jan ƙarfe na maganin sanyin ƙashi. Fitila dai ba ta fasa lumshe idonta ba, amma ba wanda ya sake tada zancen.

Da famfo ya zo, sai aka sallami 'yan garuwa. Ruwa ba ya zuwa sai an tada injin rijiya, shi kuwa da hantsi kaɗai Alhaji ya yarda a tada shi, don haka sai a cika randunan gidan kaf kafin a kashe. Wa zai cika? Matar Alhaji ta wuce wannan, 'ya'yanta ƙanana ne. Aiki ya faɗa kan matar ƙane.

Ga kuma abin da ya ƙulle lamarin. Hajjo ba ta barin ƙofar ɗakinta. Tun safe za a shimfiɗa mata tabarma a kan dakali, ta miƙe ƙafafu, ta sa famfon a gaba kamar jikanta. Kowa ya san suruka ba ta wucewa gaban uwar mijinta da takalmi, balle ta tsaya. Saboda haka kullum Salmatu tun daga bakin madafa take tuɓe nata, ta tako ƙasa jiƙaƙƙiya da tafin ƙafarta, ta durƙusa ta gaida Hajjo, sannan ta kama ƙarfen.

Da rani ba a ji komai ba. Da ruwan farko ya sauka, rumfar da aka yi wa injin rijiya ta fara yoyo, sai abin ya soma.

Ina tsefe wa Hajjo kai ran nan, Salmatu ta zo da tulu. Ta kai hannu ta murɗa famfo, sai na ga ta zabura ta yi baya, tulun ya suɓuce ya tarwatse.

"Ke! Lafiya?" Hajjo ta daka mata tsawa.

"Inna, ƙarfen ne ya cije ni."

"Ya mi?"

"Ya cije ni, Inna. Har kafaɗa na ji shi."

Hajjo ta riƙe haɓa, ta dube ni. "Fatu, kin ji ikon Allah. Ƙarfe ya yi haƙora a gidana. Ke dai ki ce kin fasa tulu, ba sai kin yi wa famfo sharri ba. 'Yar ƙauye ba ta saba ba, sanyin ƙarfe ta ji."

Aka yi dariya, har yaran gidan suka samu waƙa. In ta fito da tulu sai su bi ta suna cewa famfo zai ci amarya. Ita kuwa ta tsince fasassun tulun, ta ɗauko wani, ta naɗe hannunta da gefen zane ta ci gaba. Zanen na jiƙewa, cizon ya dawo.

Da maganar ta kai kunnen Alhaji, ya shigo da kansa, inji na aiki. Yana sanye da takalman nan masu ƙasan taya da ya sayo a Kano. Ya kama famfon ya murɗa, ya damƙe shi da hannu biyu, ya dubi matan gidan ɗaya bayan ɗaya.

"Ina cizon? To, ina shike? Abin da manyan gari ke zuwa kallo shi za a ce yana cizo? Inna, in aikin ne ba ta so, ta fito fili ta faɗa."

Salmatu na durƙushe, kanta a ƙasa. Matar ƙane ba ta mayar wa yayan miji magana.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya, ruwan sama na ƙaruwa, cizon na ƙaruwa. Da na je yi mata kitso a ɗakinta, na ga ta kasa riƙe mataji. Yatsun hannunta na dama rawa suke yi, ta ce tun safe ba ta jin su sosai. Ta rame, idanunta sun faɗa, cikin ne kawai ya fito.

"Goggo Fatu," ta ce da ni a hankali, "ni ba don kaina nike tsoro ba. In ya cije ni, sai..." Ta ɗora tafin hannu a kan zanenta. Mai cikin fari ba ta ambaton cikinta, ko a gaban uwarta, kunya ba ta bari. "Sai abin nan ya zabura, ya dunƙule wuri ɗaya. Ya daɗe bai saki ba. Jiya sai bayan azahar na ji ya motsa."

Na haifi bakwai, na binne uku, na san abin da shirun ciki ke nufi.

Washegari na koma gidan da hantsi ba tare da an kira ni ba. Ni sa'ar Hajjo ce kusan, ba na tuɓe mata takalmi. Na kama famfon, ban ji komai ba. Har na fara cewa a raina ko dai laulayi ne ke ruɗa yarinyar nan. Sai na zare takalmina don in wanke taɓon da na kwaso a hanya, na tsaya a cikin ruwan, na sake kai hannu. Wayyo Allah! Kamar an fizge mini jijiya tun daga yatsa har ƙeya. Ban san sa'ad da na yi salati na zauna daɓas ba.

"Hajjo, wallahi yarinyar nan gaskiya ta faɗa! Takalmi ne. Mai takalmi bai ji, marar takalmi shi ake cizo. Wayar nan da anka kwance, ita ce mutumin Maraɗi ya ce kar a taɓa."

Hajjo ta janye ƙafarta mai munduwa ta rufe da zane. "Fatu, kitso nike kiranki, ba shari'a ba. Ke ma kin kama ne? To Allah ya sawwaƙe. Tsufa ne, jiri ya ɗebe ki."

"To taɓa ki ji."

"Ni? Ina da suruka a gida in tashi in murɗa famfo? Allah ya kiyaye."

Ita ke nan fa. Famfon da aka kafa dominta, ba ta taɓa sa masa hannu ba, sai dai a cika mata buta a miƙa mata.

Na ja Salmatu gefe na ce gobe ta zo da takalmanta a ƙafa, kome za a ce a ce. Ta zaro ido kamar na ce ta zagi wani. Na ce, "Ɗiyata, kunya ko abin da ke jikinki, zaɓi ɗaya." Ta yi kuka, ta ce to.

Ta yi yadda na ce. Ta tako da takalmi har gaban dakali, ta cika tulu ɗaya lafiya lau, ta cika na biyu. A na uku ne Hajjo ta lura.

"La'ilaha illallahu! Yau na ga abin da ya ishe ni. Ke, mi ne ne wannan a ƙafarki? A gabana? Ni na haifi mijin naki ko ke kinka haife shi? Haka anka koya miki a Farfaru?"

"Inna, ki yi haƙuri, don cizon ne..."

"Cizon uwaki! Yau takalmi, gobe kuma sai ki kira sunana, jibi ki zauna kan tabarmata."

Ta kwaɗa wa Alhaji kira. Ya shigo, ya ji bayani, ransa ya ɓaci ƙwarai, don shi mutum ne mai son a ce gidansa akwai tarbiyya. Ya sa aka karɓe takalman aka jefa kan rufin madafa. Ni kuma aka aiko mini cewa in na sake zuga matar mutane, ƙafata ta fita daga gidan. Ban fasa zuwa ba, sai dai na koyi rufe bakina a gaban Hajjo, don in an hana ni shiga, yarinyar ba ta da kowa ke nan.

Daga nan sai zancen ya sauya. Da suka ga hannunta na rawa a fili, ba dama a ce ƙarya take, sai aka ce iska ce. Wai mutanen ɓoye na rijiyar ne ba su son ta, tunda ita kaɗai suke taɓawa. Aka yi turare, aka kawo rubutu ta sha, aka ɗaura mata laya a damtse. Matar Alhaji ta hana 'ya'yanta cin abin da ta dafa. Kowa na tausaya mata da baki, ana cewa sannu, Allah ya yaye miki. Amma da hantsi ya yi, inji ya tashi, ba wanda ya ce kawo tulun in karɓe ki.

Abin da ya fi ba ni haushi, ita kanta ta fara yarda. Ta tambaye ni ko a danginsu an taɓa yin mai iska ba ta sani ba. Na ce mata, "Ke, ni ma ya cije ni, ni ma iskar gare ni?" Ta ce, "To ai sun ce ke tsufa ne."

Ana cikin haka Rabe ya dawo. Na ji daɗi, na ce mai ɗaki ya zo. Shi direba ne, ya san wuta, ya san yadda ake ɗaure batir da jikin mota. Da matarsa ta gaya masa, bai yi musu ba. Ya zagaya bayan rijiya, ya ga gurbin da waya take babu waya, ya ga ruwa na ɗiga a kan injin. Ya samu yayansa a tsakar gida, ya durƙusa.

"Yaya, wayar ƙasan nan da anka cire, ita ce matsalar. A maida ta, ko a aika a kira Mahmudu. Kafin nan a bar tada injin."

"Kai ma ta karanta maka?" in ji Alhaji. "Wa ya kai ka koyon mota?"

"Kai ne, Yaya."

"Wa ya yi maka auren?"

"Kai ne."

"To yau kai za ka koya min abin da na saya da kuɗina? Mahmudu na hayin iyaka, sai an bi ta duwan, 'yan kwastan ɗin Faransawa, hanya duk taɓo. Kuma in kawo ƙato cikin iyalina don mace ta ce ƙarfe na cizo? Gari ya ji a yi min dariya? Bari damina ta wuce a gani."

"Yaya, ba ita kaɗai ba ce. Akwai..." Shi ma kunyar ɗan fari ta riƙe masa harshe.

"Akwai kayan fata na jiranka a Maraɗi, daga can ka wuce Kano. Tashi."

Ya tashi. Kaico, Rabe! Mutumin kirki ne, amma bakin da ya ci ba ya iya musu. Ya ce wa Salmatu ta ƙara haƙuri, zai sayo waya a Kano ya ɗaura da hannunsa ko da a ɓoye ne. Ya hau mota ya tafi, ta bi ƙurar motar da ido daga bakin zaure.

Sauran fata ɗaya ya rage mata, goyon ciki. Al'ada ce mai cikin fari ta koma gidan iyayenta ta haihu a can, kuma lokacin ya yi. Gwaggonta ta zo daga Farfaru a kan jaki don ta tafi da ita. Salmatu har ta ɗaure kayanta. Aka karɓi baƙuwa da fura da goro, aka yi mata magana mai daɗi.

"Ai ɗiyarku ɗiyarmu ce," in ji Hajjo. "Sai dai kin ga salla ta matso, baƙi za su cika gidan nan, ga wanki ga girki. A bari a yi salla, mu da kanmu za mu kawo ta da gara."

Gwaggon ta dubi babban gida, ta dubi fitilar da ke rataye a bango, ta kasa cewa a'a. Talaka in ya aurar da 'ya gidan masu hali, bakinsa ma sai ya zama ba nasa ba. Ta koma ita kaɗai, Salmatu ta kwance ƙunshin kayanta.

Saura 'yan kwanaki salla, aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe tsakar gidan ya zama tafki. Ina zaune a rumfa ina yi wa matar Alhaji kitson salla, aka tada inji, don ranar za a wanke shimfiɗun gidan duka. Salmatu ta fito da tulu, tana tafiya da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu. Ta tsaya nesa da famfon ta daɗe tana kallonsa.

"Inna," ta ce, "don Allah yau a bar ni in ja da guga."

"An rufe bakin rijiya da inji, ta ina za ki ja? Ke dai ba ki rasa dalili. Yi bisimilla ki murɗa, rana na yi."

Ta yi bisimilla. Na ji ta da kunnena. Ta shiga cikin ruwan har idon sawu, ta kai hannu.

Wannan karon bai cije ta ya saki ba, riƙe ta ya yi. Yatsunta suka damƙe ƙarfen, jikinta ya sandare yana karkarwa, bakinta a buɗe amma ba murya. Hajjo na cewa, "Ga iskar nan ta tashi! A kawo turare!" Ni kuwa na watsar da kan da ke hannuna, na rarumi taɓarya, na daki hannun nata da iyakar ƙarfina. Ta faɗi cikin taɓo a kan cikinta. Na yi ta ihu a kashe inji, a kashe inji, har wani ya ji daga waje ya kashe.

Ta farfaɗo. Tafin hannunta ya ƙone, yatsa biyu sun karye inda na doka. Ba ta ko dubi hannun ba. Ɗaya hannun ta ɗora a kan cikinta, ta yi shiru tana saurare. Muka kai ta ɗaki, ta wuni a haka, ta kwana a haka. In na tambaye ta sai ta girgiza kai.

A rana ta uku naƙuda ta zo. Ni da ungozoma muka karɓe shi. Namiji ne, ya cika, har da gashi baƙi wuluk irin na ubansa. Bai yi kuka ba. Aka naɗe shi a farin ƙyalle, aka fita da shi ta ƙofar baya kafin la'asar.

Sai ga masu ba da haƙuri. Hajjo ta leƙo ta ce haka Allah ya ƙaddaro, ɗan fari dama ba kowa ke riƙe shi ba. Matar Alhaji ta ce ai iskar ce ta shanye shi tun a ciki. Alhaji ya aiko da ƙafar saniya a yi mata farfesu, ya ce a gaya mata ta yi tawakkali, kuma kar a yi ta yaɗa zancen ana shirin salla. Akwai ma wadda ta ce taɓaryata ce ta jawo. Duk na ji, na gaji.

An bar injin a kashe kwana biyu, aka nemo 'yan garuwa daga rijiyar unguwa. Ran jajibiri Alhaji ya ce a wanke ragon layyarsa. Wani farin rago ne ƙato da ya sayo daga hayin iyaka, ya shekara ana ba shi dusa da harawa, mutane na zuwa kallonsa. Ɗantala ya ja shi har gindin famfo, ya ɗaure sarƙarsa a jikin bututun, ya je ya tada inji. Alhaji na tsaye yana murmushi.

Ragon ya yi tsalle ɗaya, ya faɗi yana shure-shure. Ɗantala ya ruga ya cafki sarƙar, aka yi jifa da shi cikin taɓo yana kiran uwarsa. Kafin a kashe inji, kafin a samo wuƙa, rago ya zama mushe.

Jama'a, ku zo ku ga gudu! Hanyar da aka ce duk taɓo ce, ran nan ta bushe. Duwan da aka ce wahala ne, Alhaji da kansa ya ari mota ya je ya roƙe su. Ƙaton da aka ce ba ya shiga cikin iyali, kafin la'asar yana tsakar gida da naɗin jan ƙarfe a kafaɗa, mata na bayan zana. Ba wanda ya kawo turare. Ba wanda ya ce rago ɗan ƙauye ne, ko aiki ne ba ya so, ko a danginsu akwai masu iska. Zaure ya cika da masu jaje, ana ta cewa Alhaji sannu da wannan babban rashi, Allah ya mayar da alheri. Yaron da aka fitar ta ƙofar baya kuwa, ko tabarma ba a shimfiɗa masa ba.

Ni ina ɗakin Salmatu, na kawo mata ruwan zafi. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya, hannunta a ɗaure da tsumma, nono ya jiƙa gaban zanenta. Daga waje muna jin Mahmudu na buga ƙarfe cikin ƙasa, Alhaji na ce masa ya ɗaure da kyau, ya ƙara wata a kan wata in da hali.

"Goggo Fatu, mi ake bugawa?"

"Wayar ce ake maidawa, ɗiyata."

"Ya dawo ne?" Mijinta take nufi.

"A'a, bai dawo ba. Ragon Alhaji ne ya mutu a gindin famfo."

Har na zaci barci ya ɗauke ta. Can sai ta juyo ta dube ni, idonta a bushe, ba fushi a muryarta, tambaya kawai take yi don ta sani.

"Shi ragon, mi ya ce musu da sunka yarda?"

Sai na jiƙa tsumma a ruwan zafin, na ce ta ɗaga hannu in gasa mata ƙirjin.